Tawali'u da Ƙasƙantar da Kai a Gaban Allah: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suke ta dawowa a ajin baftisma, da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, da taron zumuntar mata da na matasa a ikilisiyoyin karkara, daga ƙauyukan Sumaila da Rogo da Tudun Wada har zuwa Roni da Gwaram. An fara da na tushe, aka gangara zuwa na gona, aure da shugabanci. Sunayen littattafai na juyin 1979 ne. Mai riƙe da tsohon juyi na 1932 zai ga Yohanna a wurin Yahaya, Misalai a wurin Karin Magana, Lissafi a wurin Ƙidaya. Ma'anar ayoyin kawai aka kawo, sai a buɗe a karanta su da kai.

1. Mene ne tawali'u? Abu ɗaya ne da ƙasƙantar da kai?

'Yan ɗaki ɗaya ne, amma kowanne da aikinsa. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalmomi biyu ne a can. Ta farko tana nufin mutum ya san matsayinsa, ya sauko ƙasa. Ita ce a Yakubu 4:10 da 1 Bitrus 5:6. Ta biyu, wadda take a Matiyu 5:5, tana nufin sanyin halin wanda yake da ƙarfi ko gaskiya a hannunsa amma bai murƙushe kowa da su ba. Helenawa kan faɗe ta ga dabbar da aka horar. Kalmarmu "tawali'u" takan ɗauki duka biyun, kuma a Matiyu 11:29 Yesu ya haɗa su a kansa lokacin da ya ce a ɗauki karkiyarsa a koya daga gare shi.

Wanda ya taɓa horar da shanun huɗa ya riga ya san rabin amsar. Ɗan bijimin da aka fara ɗora wa karkiya yakan yi tirjiya, ya kwanta a tsakiyar gona, ko ya fizgi garma ya karkatar da layi. Akan haɗa shi da tsohon sa, a fara da jan gungume kafin a kai ga garma. Bayan 'yan makonni ƙarfinsa yana nan yadda yake, ko kaɗan bai ragu ba, sai dai yanzu yana jin igiya da muryar mai shi. Haka mai tawali'u yake a hannun Allah.

2. Me ya sa kullum ake ƙara "a gaban Allah"? Ba tsakanin mutane ake yin sa ba?

Tsakanin mutane ake ganinsa, amma a gaban Allah yake tsirowa. Mutum yana iya sunkuyar da kai ga wanda ya fi shi saboda tsoro ko kwaɗayi, ranar da ƙarfi ya dawo hannunsa kuwa sai ya miƙe tsaye. Wanda ya sauko domin ya ga girman Allah, dalilinsa ba ya canjawa da canjin arziki. Bulus ya tambayi Korantiyawa abin da suke da shi wanda ba ba su aka yi ba (1 Korantiyawa 4:7). Manomi ya yi shara, ya kai taki, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, amma ɗigon ruwa ɗaya ba zai iya saukarwa ba. Shi ya sa Maimaitawar Shari'a 8:17-18 ta gargaɗi wanda ya ƙoshi kada ya ce ƙarfin hannunsa ne ya tara masa.

Sarki Uzziya, wanda ake kira Azariya kuma, misali ne da ya dace da mu, domin Littafi ya ce mai son noma ne, ya haƙa rijiyoyi da yawa, yana da garkuna (2 Tarihi 26). Ya hau sarauta yana da shekara 16, ya yi 52 a kai. Sai da ya yi ƙarfi ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai. Firistoci 80 tare da babbansu suka tsaya masa, ya husata, kuturta ta fito masa a goshi nan take. Bai faɗi lokacin da yake nema ba, sai bayan ya samu.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya rubuta wa wani ɗalibi cewa hanyar kaiwa ga gaskiya, matakinta na farko tawali'u ne, na biyu tawali'u, na uku ma tawali'u.

3. Mu Hausawa muna da kunya da kara da ladabi tun asali. Ba shi ke nan ba?

Yaro ya durƙusa ya gaida babba, a tuɓe takalmi a ƙofar dagaci, suruka ta sadda kai a gaban uwar miji, uwa ta yi kara ga ɗan fari: duk kyawawa ne, kuma bai kamata Kirista ya watsar da su don ya shiga makaranta ko ya je birni ba. Sai dai ladabi sama yake dubawa. Ƙarami ne yake yi wa babba, talaka ya yi wa mai sarauta. Tawali'un da Littafi yake nema yana gangarowa ƙasa ma. Yakubu 2:1-4 ya tsawata wa ikilisiyar da take ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. In kana so ka san mutum, kada ka dube shi a gaban hakimi. Saurari yadda yake magana da ɗan ƙwadagon da yake masa noma, da almajirin da ya yi sallama a ƙofa, da matarsa idan tuwo ya makara.

Akwai kuma inda kunya take zama abokiyar gaba. Ita ce take hana magidanci ya ce "ban gane ba" a ajin karatu don yara suna wurin. Ita ce take hana uba ya ce wa ɗansa "na yi maka ba daidai ba". A irin wannan wuri girman kai ne ya ari zanen kunya ya yafa. Kunya idon mutane take tsoro, shi ya sa takan ƙare idan ba mai gani. Magabata da kansu sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Uban da ya nemi gafarar ɗansa zai tashi da tsawonsa. (A duba tambaya ta 8 kan tawali'un ƙarya.)

4. Mai tawali'u ba matsoraci ba ne da aka sa wa suna mai daɗi?

Ƙidaya 12:3 ta ce a zamaninsa babu wanda ya kai Musa tawali'u a duniya. To, wannan Musa shi ne ya kashe Bamasare, ya tsaya gaban Fir'auna sau da yawa, ya ƙone ɗan maraƙin zinariya ya niƙe shi ya zuba a ruwa ya sa jama'a suka sha (Fitowa 32:20). Ba sanyin jini aka haife shi da shi ba. Shekara 40 na kiwo a Madayana suna tsakanin mai kisan da mai tawali'un.

A lura da inda aka faɗi ayar. Maryamu da Haruna, 'yan'uwansa na jini, suna sukarsa saboda matar da ya aura. Bai ce uffan ba. Da kuturta ta kama Maryamu, shi ne ya yi kuka ga Allah a warkar da ita, jama'a kuma suka jira ta kwana 7. Ga ma'aunin: idan an taɓa sunan Allah ko an zalunci marar ƙarfi, Musa yana da murya, idan shi aka taɓa, yakan bar wa Allah. Yawancinmu mun juya abin. Yesu ma da ya shiga Urushalima a kan jaki shi ne ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali, duk a sura ɗaya (Matiyu 21).

5. Ta yaya masu tawali'u za su gāji duniya, alhali masu baki da ƙarfi ne suke cinye ta?

Maganar ta Matiyu 5:5 daga Zabura 37:11 take, kuma an rubuta zaburar ne ga mutanen da suke kallon mugaye suna bunƙasa. Sau 3 a ayoyi 8 na farko aka ce kada ka tsargu saboda su. Ba alkawari ba ne cewa gonar da aka ƙwace za ta dawo daminar bana. Gādo ba a fizgarsa, mai shi ne yake bayarwa a lokacinsa, kuma cikarsa tana a sabuwar sama da sabuwar duniya (2 Bitrus 3:13). Abin da ya halatta ka yi kafin nan yana a tambaya ta 10.

6. A misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji, ina laifin Bafarisiyen? Ai gaskiya ya faɗa.

Mai yiwuwa duk abin da ya lissafa gaskiya ne (Luka 18:9-14). Yana azumi sau 2 a mako, alhali azumin da Shari'ar Musa ta wajabta na Ranar Kafara ne, sau ɗaya a shekara. Yana fitar da ushirin duk abin da ya samu. A ikilisiyoyinmu da irinsa za a zaɓa ma'aji. Laifinsa yana a wuri biyu: ya auna kansa da mutumin da yake tsaye can nesa maimakon ya auna kansa da Allah, sa'an nan a duk addu'arsa bai roƙi kome ba. Wanda bai roƙa ba yana cewa ne ba ya bukata. Mai karɓar harajin bai iya ko ɗaga ido ba, ya bugi ƙirji ya nemi jinƙai, shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah.

Tarkon da ke cikin misalin shi ne, mai karatu yakan rufe Littafi yana godiya ga Allah da bai yi shi kamar Bafarisiyen nan ba.

7. Yaya zan gane girman kai a cikina, tun da mai shi ba ya ganinsa?

Ba a gane shi a lokacin addu'a, sai a lokacin da aka taɓa shi. Ka duba abin da yake faruwa a ƙirjinka idan wanda bai kai ka shekaru ba ya gyara maka karatu a gaban jama'a. Ka duba idan an gode wa waɗanda suka yi aikin rufin majami'a aka manta da sunanka, ko ka ƙara zuwa gayyar gaba. Ka duba idan gonar maƙwabci ta fi taka kyau, ko bakinka ya iya cewa "Allah ya ƙara" da zuciya ɗaya. Ka tuna ranar ƙarshe da ka ce "na yi laifi" ba tare da ka liƙa "amma" a bayansa ba. In ka kasa tunawa, amsar ke nan. Hanya mafi sauri kuwa ita ce ka tambayi matarka, ko mijinki, ka yi shiru har a gama.

Kada a ɗauka cutar masu kuɗi ce kaɗai. Akwai girman kan talaka: rumbu ya ƙare tun kafin Yuli, yara suna kwana da yunwa, ikilisiya ta kawo tiya biyar ta dawa, maigida ya ce a mayar, shi ba almajiri ba ne. Bitrus ma ya ƙi a wanke masa ƙafa, Yesu ya ce masa in bai yarda ba, ba shi da rabo da shi (Yahaya 13:8). Girman kai rawanin tsiya ne, kuma kowane kai yana iya ɗaukarsa.

8. Akwai tawali'un ƙarya?

Akwai, Bulus ma ya ambace shi a Kolosiyawa 2:18 da 23. Iri biyu aka fi gani. Na farko shi ne mai "ni wane ne, ni ba kowa ba ne" da murya ƙasa-ƙasa, yana jira a ce masa a'a. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka yarda da shi, ka ce haka ne, ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Irinsa ake ce wa lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi, Musa a baki Fir'auna a zuci.

Na biyu ya fi wuyar kamawa domin mai shi yakan yarda da kansa. Shi ne wanda Allah ya ba baiwar koyarwa ko waƙa ko lissafi, aka ce ya riƙe makarantar Lahadi ko littafin baiko, ya ce bai isa ba, alhali tsoron kuskure a gaban mutane ne yake damunsa. Bawan da ya binne talanti a ƙasa ba a yabe shi da tawali'u ba (Matiyu 25:24-27). Romawa 12:3 ba ta ce ka rena kanka ba, ta ce kada ka ɗauki kanka fiye da yadda kake, ka auna da hankali. Bulus ya ce shi ne mafi ƙanƙanta cikin manzanni, a aya ta gaba kuma ya ce ya fi su duka aiki, amma alherin Allah ne (1 Korantiyawa 15:9-10). Duka biyun gaskiya ne, ya faɗe su tare.

9. Idan an yabe ni me zan ce? Kuma daidai ne a riƙa kiran sunan masu bayarwa ranar godiyar kaka?

Ka ce "na gode, mun gode wa Allah", ka wuce. Doguwar musu ita ma neman ƙarin yabo ce. Karin Magana 27:2 ta yarda wani ya yabe ka, bakinka ne aka hana.

Batun godiyar kaka ya fi nauyi. Kawo dami ko buhu gaban bagade da rawa da waƙa ba laifi ba ne, murnar jama'a ce. Inda abin yake lalacewa shi ne idan mai sanarwa ya ɗauki lasifika yana cewa wane buhu 3, wane buhu 1, a yi tafi gwargwadon yawa. Gwauruwar da ta zo da mudu biyu na wake takan ɓoye shi a bayan zane, baɗi ma ba za ta zo ba, alhali irinta ce Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa (Markus 12:41-44). Shawararmu ga dattawa: mutum 2 ko 3 su rubuta abin da kowa ya kawo saboda amana, a sanar da jimilla kawai. Mai bayarwa kuma ya gwada kansa da Matiyu 6:3-4: a cikin shekara ya yi wata kyauta guda wadda daga shi sai Allah.

10. Maƙwabci ya ci mini iyakar gona, ko shanu sun yi mini ɓarna. Tawali'u ya ce in yi shiru?

Littafi ya nuna hanya biyu, kuma duka na masu tsoron Allah ne. Ibrahim ya bar wa Lutu zaɓin ƙasa da makiyayansu suka yi rikici (Farawa 13). Ishaku ya haƙa rijiya aka ƙwace, ya haƙa ta biyu aka ƙwace, sai a ta uku ya sami sarari ya sa mata suna Rehobot (Farawa 26:19-22). A ɗaya gefen, Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gādon kakanninsa, 'ya'yan Zelofehad mata su 5 kuma suka tsaya gaban Musa suka nemi gādon ubansu, Allah ya ce suna da gaskiya (Ƙidaya 27:1-7). Mai matsar da iyaka ma la'ananne ne a Maimaitawar Shari'a 27:17. Saboda haka neman hakki ba ya karya tawali'u. Yadda aka neme shi ne yake karyawa ko ya tabbatar.

Ga yadda ya kamata a bi. Kada ka je ranar da ka gani, kada kuma ka je da fartanya ko sanda a hannu, ka kwana. Kafin ka yi magana ka tabbatar, domin gamba da aka dasa a iyaka takan yaɗu, ruwa kuma yakan share kunya, wani lokaci kai ne ka shiga. Ka same shi shi kaɗai, a gida, bayan gaisuwa, ka fara da tambaya. In bai ji ba, ka koma da dattijo 1 ko 2 waɗanda suka san iyakar tun zamanin iyaye. Idan ɗan'uwa ne a ikilisiya, mataki na gaba dattawan ikilisiya ne (Matiyu 18:15-17, 1 Korantiyawa 6:1-7). In ba haka ba, sai mai unguwa, dagaci, hakimi, kotu ce ta ƙarshe. A batun ɓarna, a kira shaidu su ga gonar kafin sawu ya ɓace, a kimanta asarar da gaskiya. Kada a sari dabba, kada a taɓa yaron da yake kiwo.

Abin da ya fi ɓata irin wannan shari'a shi ne ƙari. An ci kunya 2, mutum ya ce 10. An ci dami 4, ya ce rabin gona. Da zarar an kama shi da ƙari, gaskiyarsa ma ta zube. Idan kuma abin kaɗan ne, gonar taka ce kai kaɗai, kana iya yafewa kamar Ishaku. Amma gonar marayu ko ta gandu da kake riƙo ba taka ba ce da za ka yi kyauta da ita.

11. Ana yi mana gori ko zagi saboda bangaskiyarmu. "Juya ɗaya kuncin" yana nufin kada mu ce kome?

Matiyu 5:39 ramuwa ta hana. Da aka mari Yesu a gaban babban firist bai rama ba, amma ya tambaya: in ya faɗi mugun abu a nuna, in kuwa daidai ne, don me aka mare shi (Yahaya 18:22-23). A Filibi an yi wa Bulus da Sila dūka ba shari'a, da gari ya waye aka ce su tafi a ɓoye, Bulus ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su (Ayyukan Manzanni 16:37). Kai ƙara wurin hukuma a kan zalunci yana cikin wannan layi.

A zaman yau da kullum, a kasuwa ko bakin rijiya, 1 Bitrus 3:15-16 ita ce jagora: ka kasance da amsa, ka ba da ita da tawali'u da girmamawa. Ka faɗi abin da ka gaskata, kada ka zagi abin da maƙwabcinka yake girmamawa, kada ka shiga musun da aka shirya don a tara jama'a. Matasa su kula da abin da suke rubutawa a Facebook da WhatsApp, domin kalma ɗaya a waya tana iya jawo wa ƙauye guda wahala. Gaisuwar rashin lafiya, ta'aziyya da barka kuwa kada su yanke.

12. Mijina yana dukana, ana ce mini in yi tawali'u in yi haƙuri. Haka ne?

A'a, 'yar'uwa. An ɗora ayar inda ba wurinta ba. Surar da ta yi maganar biyayyar mace ita ce ta riga ta ce a yi wa juna biyayya, ta kuma umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikinsa (Afisawa 5:21-29). Kolosiyawa 3:19 ta hana shi yi mata kaushi, 1 Bitrus 3:7 ta ce rashin girmama ta yana tare addu'arsa. Wanda yake bukatar wa'azin tawali'u a gidan nan shi ne mai dūkan. Idan akwai rauni ki je asibiti, ki koma inda za ki tsira ke da yara, ki sanar da iyayenki da fasto da dattawa, in rai yana cikin haɗari kuma a kai ga hukuma. Dattawan da suka mayar da mace ɗaki da "ki ƙara haƙuri" ba tare da sun tsawata wa mijin sun kuma bi sawu ba, sun yi aikin rabi.

13. Fasto ko dattijo zai iya tawali'u bai zubar da girmansa ba?

Wanke ƙafar baƙo aikin bawa ne a ƙasar Yahudawa. Yahaya 13 ta ce Yesu ya yi shi ne yana sane da cewa Uba ya sa kome a hannunsa, bayan ya gama kuma ya ce daidai ne da suke kiransa Malam da Ubangiji. Bai ajiye matsayinsa ba. Katolika da wasu Anglikan suna maimaita wannan a ranar Alhamis kafin Ista, amma a aikace wanke ƙafa a ƙauye shi ne Baba Fasto ya bari a duba littafin kuɗi ba tare da ya ji an rena shi ba, ya ziyarci gidan da ba a ba shi kaza, ya ce "ban sani ba, zan bincika" idan yaro ya yi tambaya mai wuya, ya kuma sauka idan wa'adinsa ya cika ko an yi masa canji. 1 Bitrus 5:3 ta hana shugabanni nuna iko a kan garke.

Ikilisiya ma tana da nata laifi. 1 Timoti 3:6 ta ce kada a naɗa sabon tuba don kada ya kumbura, amma sau da yawa mutum yana yin baftisma, in yana da mota ko albashi, baɗi ya zama dattijo. An cuce shi.

14. Ikilisiya ta sa ni a horo saboda laifi, ina ganin an tsananta. Me zan yi?

Ka ci gaba da zuwa sujada. Mafi yawan waɗanda suka ɓace a lokacin horo ba zunubin ne ya kore su ba, zaman bencin baya ne ya gagare su, sai su koma wata ikilisiya inda ba a san su ba. Ka rarrabe abu biyu: laifin, da yadda aka hukunta shi. Ka amsa na farko sarai. Na biyu kuma, in kana ganin an yi son kai, ka faɗa wa dattawa a zaune, ko ka kai ga na sama da su bisa tsarin ikilisiyarku, ba a dandali ba. Dawuda sarki ne, amma da Natan ya ce masa kai ne mutumin, amsarsa ita ce ya yi wa Ubangiji zunubi (2 Sama'ila 12:13).

Masu horon kuma Galatiyawa 6:1 tana kansu: a komo da wanda ya faɗi da ruhun tawali'u, kowa yana lura da kansa. A faɗa masa tsawon lokacin da abin da ake jira a gani, a sa wani ya riƙa ziyartarsa, kuma ma'auni ɗaya ga ɗan dattijo da ɗan gwauruwa. (A haɗa da tambaya ta 13.)

15. Dole ne a durƙusa ko a yi azumi kafin a ce mutum ya ƙasƙantar da kansa?

Ba dole ba ne. Mai karɓar harajin tambaya ta 6 a tsaye ya yi addu'arsa. Amma jiki yana koya wa zuciya. Daniyel yakan durƙusa sau 3 a rana, Zabura 35:13 kuma ta haɗa azumi da ƙasƙantar da kai, masu kiyaye Larabar Toka da kwana 40 kafin Ista suna tuna cewa mutum ƙura ne. Sharaɗin yana a Matiyu 6:16-18: mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai. Ishaya 58 ta ƙara da cewa azumin da ake yi ana matsa wa ma'aikata bai karɓu ba. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki kada su tilasta wa kansu.

16. Ta ina zan fara a aikace?

Benedik, wanda ya tsara dokar zaman sufaye a Italiya a ƙarni na 6, ya jera matakai 12 na tawali'u, na farkonsu shi ne mutum ya riƙa tunawa kullum Allah yana ganinsa. Manomi ba ya bukatar 12 a tashi ɗaya. Da safe, kafin roƙo, ka ambaci abu 3 da aka ba ka waɗanda ba ka saya ba. Da dare ka faɗi laifin ranar da sunansa, "na yi wa wane tsawa a gaban yaransa", maimakon "ka gafarta mana zunubanmu" a dunƙule. In laifin ya shafi mutum, ka same shi kafin Lahadi (Matiyu 5:23-24). Idan an gyara maka, ka hana bakinka kare kai har gobe. Abin da ya rage gaskiya bayan kwana ɗaya sai ka faɗa. Ka karanta Filibiyawa 2:3-11 sau ɗaya a mako har ta zauna.

Sa'an nan ka ɗauki aiki guda da ba a kiran sunan mai yin sa: sharar majami'a ranar Asabar, wanke bayan gida, ɗebo wa tsohuwa ruwa. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya yana shirye ya yi babban abu, abin da aka ce ya yi shi ne ya nutsa sau 7 a Urdun, kuma barorinsa ne suka lallashe shi ya yarda (2 Sarakuna 5). In bayan wata biyu ka ji kana son a lura da sharar da kake yi, ka koma tambaya ta 7.

17. Yaya za a koya wa yara ba tare da an mai da su matsorata ba?

Dūka da kunyatarwa a gaban baƙi suna haifar da yaro mai sunkuyar da kai yana cizon haƙora, wanda zai rama a kan ƙannensa. A koya masa gaisuwa da godiya, a ba shi aiki daidai ƙarfinsa, 'ya'ya maza su ma su yi shara da wanke kwano. In ya ci jarrabawa a yi murna a fili, a sa shi ya gode wa Allah da malaminsa, kada a auna shi da ɗan kishiya ko ɗan maƙwabci. A bar shi ya yi tambaya, a kuma koya masa cewa yana iya ce wa babba "a'a" cikin ladabi idan an sa shi abin da bai dace ba, ya zo gida ya faɗa.